Disney ya saye Fox: me yasa doka ta ƙwace tashoshin wasanni amma bata taɓa wuraren shaƙatawa ba?

A watan Disambar 2017 kamfanin Disney ya sanar cewa zai saye mafi yawan kadarorin 21st Century Fox na iyalan Rupert Murdoch akan dala biliyan 52.4, sai Comcast mai NBC da Universal ya shigo da tayin biliyan 65 kuɗi hannu, dole Disney ya ƙara zuwa biliyan 71.3 kafin ciniki ya faɗa. An kammala komai ranar 20 ga Maris 2019. Toh amma ba duka kayan da ya biya kuɗinsu aka bari ya riƙe ba, hukumar Amurka ta ce akwai tashoshin wasanni guda 22 da sai ya rabu dasu, alhali wuraren shaƙatawarsa irinsu Disneyland da Disney World ko sharaɗi ɗaya ba a gindaya musu ba. Mutane da yawa suna ɗauka son kai ne ko cuwa-cuwa, gaskiya ba haka bane, yadda dokar take kallon abu ne, kuma yana da kyau mu fahimce shi don mu ma masu biyan kuɗin dikoda duk wata abun ya iso ƙofarmu.

Dokar da ake magana sunanta Clayton Act, tun 1914 aka yi ta, sashe na 7 shine ya shafi haɗewar kamfanoni. Abunda yake cewa a taƙaice shine an hana wani kamfani ya sayi wani in dai sayen zai iya rage gogayya sosai ko ya kai ga babakere, a kowane irin kasuwanci kuma a kowane yanki na ƙasar. Ku lura da "zai iya", ba sai an jira farashi ya tashi mutane sun ji a jikinsu ba, in hukuma ta nuna akwai yiwuwar hakan mai ƙarfi ya isa. Sannan akwai wata ta 1976 mai suna Hart-Scott-Rodino wadda ta tilasta manyan kamfanoni su kai takardunsu gaban ma'aikatar shari'a da hukumar kasuwanci ta FTC kafin su rufe ciniki, su jira kwana 30, in hukuma bata gamsu ba ta nemi ƙarin bayani a cigaba da jira.

Ga inda mutane suke ruɗewa. Dokar bata hana girma ba. Ba ruwanta da cewa Disney ƙato ne zai ƙara ƙiba, tambayarta ɗaya ce kuma kasuwa-kasuwa take yinta: a wannan kasuwar, su biyun nan da kishiyoyin juna ne? in suka zama ɗaya mai saye yana da wani wajen zuwa?

A harkar wasanni amsar a fili take. A lokacin Disney ke da kashi 80 na ESPN, babbar tashar wasanni a Amurka. Fox kuma yana da tashoshin yankuna 22 waɗanda suke nuna wasannin ƙungiyoyin gida, besbol da ƙwallon kwando da hoki, ƙungiyoyi sama da 40. Yadda kasuwar take shine kamfanonin kebul da na tauraron ɗan adam su suke sayen tashoshi daga masu su, su haɗa a kunshi ɗaya su sayar wa magidanta, to in mai kebul ya zauna ciniki da Disney ya ƙi farashin ESPN aƙalla yana da tashar yanki da zai riƙe masoya wasa da ita, amma in duka biyun suka koma hannun mutum ɗaya ba shi da bakin cewa a'a, ko ya biya ko kwastomominsa su gudu, kuma duk abunda ya biya a kan magidanci zai sauke shi har da wanda bai taɓa kallon wasa ba. Shi yasa ranar 27 ga Yunin 2018 ma'aikatar shari'a ta ce ta yarda da cinikin amma da sharaɗin a sayar da tashoshin 22 cikin kwana 90 bayan kammalawa. Ita kuwa babbar tashar Fox da Fox News da tashar wasanni ta FS1 dama ba'a saka su a cinikin ba, suna hannun su Murdoch har yanzu, kuma ko da an so akwai ƙa'idar hukumar sadarwa ta FCC da ta hana manyan tashoshin nan huɗu ABC da CBS da NBC da Fox haɗewa, ABC kuma ta Disney ce.

Ba Amurka kaɗai ba, hukumomin Brazil da Mexico suma sun ce sai an sayar da Fox Sports na ƙasashensu saboda dalili iri ɗaya, sai dai a Brazil aka rasa mai saye har a 2020 hukumar ta haƙura ta bar Disney ya riƙe. Mu nan Afirka tashoshin Fox Sports suna kawai aka canza musu suka koma ESPN a 2019.

Yanzu ga abunda yake damuna a hukuncin, wlh ina ganin an yi magani ba'a duba wanda zai shayar da shi ba. Tashar YES ta New York ƙungiyar Yankees ta karɓe ta tare da Amazon da wasu, wannan lafiya lau. Sauran 21 kamfanin Sinclair ya saya a 2019 akan dala biliyan 9.6, mafi yawan kuɗin kuma bashi ne aka ɗora akan wani reshe mai suna Diamond Sports, a daidai lokacin da Amurkawa suke ta yanke kebul suna komawa kallo ta intanet. Kamfanin tauraron ɗan adam na Dish ya cire tashoshin tun a 2019, YouTube TV da Hulu suka bi a 2020, aka sake musu suna Bally Sports a 2021, kawai a watan Maris 2023 Diamond ya je kotu neman kariyar durƙushewa da bashin sama da dala biliyan 8 a wuyansa. A shekarar ce ƙungiyar San Diego Padres da ta Arizona Diamondbacks suka rabu da tashar ana tsakar kakar wasa sai hukumar besbol ta MLB ce ta karɓi nuna wasanninsu da kanta. Ɗan kallon da aka ce shi ake karewa shine ya wayi gari bai san tashar da zai samu ƙungiyarsa ba. Ban ce da an bar wa Disney ya fi ba, ko kaɗan, amma hukuma tana da ikon amincewa ko ƙin mai saye, kuma tambayar ko mai sayen nan zai iya tsayawa da ƙafarsa shekara biyar tana cikin aikinta.

Toh wuraren shaƙatawa fa? A nan Fox bashi da ko ɗaya da yake gudanarwa. Disney yana da nasa a Kalifoniya da Florida da Faransa da Hong Kong da Shanghai, babban kishiyarsa Universal na Comcast ne, ba Fox ba. Tunda ba kishiya aka haɗiye ba, a idon sashe na 7 yawan masu gogayya a kasuwar lilo da jiragen wasa bai ragu ba, shikenan aka wuce.

Amma duk wanda ya san harkar ya san yanzu ba lilo ake sayarwa a wuraren nan ba, labari da jarumai ake sayarwa, yaro yana son ya shiga duniyar da ya gani a fim ne, kuma wannan shine ainihin abunda Disney ya saya. Misali yankin Pandora na fim ɗin Avatar da aka buɗe a wurin shaƙatawar Disney na Animal Kingdom a Florida a watan Mayun 2017, da lasisi aka gina shi, yarjejeniya ce ta 2011 da daraktan fim ɗin James Cameron da Fox, bayan cinikin ɓangaren Fox ɗin ya dawo cikin gida.

Abunda yake taka wa Disney birki a wannan fagen ba dokar babakere bace, dokar kwantiragi ce. In ka sayi gida da ɗan haya a ciki wanda ya biya kuɗin shekaru, gidan naka ne amma baka isa ka watso masa kaya waje ba sai wa'adinsa ya cika, haka kamfani yake gadar duk alƙawuran da wanda ya saya ya sa wa hannu. Shi yasa shirin katun na Fox mai suna The Simpsons ya zama mallakin Disney amma wurin wasansa da aka buɗe tun 2008 a Universal yake, gidan kishiya. Na Marvel ma yafi wannan ɗaure kai: tun 1994 Marvel ya ba Universal izinin amfani da jarumansa, aka buɗe Islands of Adventure a Orlando a 1999 da su Spider-Man da Hulk, Disney ya zo ya sayi Marvel a 2009 akan kusan dala biliyan 4 amma takardar nan tana nan daram, ta hana shi saka waɗannan jaruman a wurin shaƙatawa a gabashin kogin Mississippi. Kenan a Disney World na Florida ba zai iya ba, shi yasa Avengers Campus a Kalifoniya aka buɗe shi a 2021, a Florida kuma sai dai ya yi da Guardians of the Galaxy waɗanda Universal baya amfani dasu. Cinikin Fox ya kawo masa ikon fim na X-Men da Fantastic Four, amma a Orlando har yanzu suna wajen Universal.

Wanda cinikin ya fi taɓawa kai tsaye yana can Maleshiya. Kamfanin Genting yana cikin gina wurin shaƙatawa da sunan 20th Century Fox World a saman dutse kusa da gidan cacarsa, a watan Nuwamban 2018 ya maka Fox da Disney a kotun Amurka yana neman sama da dala biliyan 1, zarginsa shine Disney ne ya sa Fox ya janye don baya son a haɗa sunansa da caca. Zargi ne dai, kotu bata yanke ba don sun sasanta a 2019, aka buɗe wurin a 2022 da sunan Genting SkyWorlds, an bar masa wasu daga cikin jaruman amma babu sunan Fox a ƙofa. A ganina nan ne dokar take da rauni, tana ƙirga masu filin wasa amma bata auna me zai faru in labaran da kowane fili yake buƙata suka taru a hannu biyu ko uku ba, ƙaramin kamfani da yake son gina nasa wurin wajen wa zai je neman lasisi in ba wajen kishiyarsa ba?

Rigimar wasanni bata ƙare a kebul ba, ta bi mutane har cikin waya. A watan Fabrairun 2024 Disney da Fox da Warner Bros. Discovery suka ce zasu haɗa wasanninsu a manhaja ɗaya, wadda daga baya suka sa wa suna Venu da farashin dala 42.99 a wata. Wani ƙaramin kamfanin kallo ta intanet mai suna Fubo ya kai ƙara, hujjarsa kuma mai ƙarfi ce: shekara da shekaru kun tilasta min sayen tashoshin da bana so kafin ku bani na wasanni, yanzu ku kaɗai kun ba kanku damar sayar da wasanni zalla. A watan Agustan 2024 alƙaliya Margaret Garnett a New York ta dakatar da Venu bisa wannan sashe na 7 ɗin dai, wanda ya nuna ba sai an sayi kamfani ɗungurungum ba, haɗin gwiwa ma yana shiga, kuma ba hukuma kaɗai ke iya kai ƙara ba, ɗan kasuwar da abun zai cutar shima yana iya yi. Yadda ta ƙare ne bai min daɗi ba, a Janairun 2025 Disney ya cimma yarjejeniyar haɗa tsarinsa na kallon tashoshi ta intanet mai suna Hulu + Live TV da Fubo inda zai riƙe kashi 70, Fubo ya janye ƙara, bayan ƴan kwanaki aka soke Venu gaba ɗaya. Fubo da ya tsaya ya yi faɗan ya koma ƙarƙashin Disney ɗin da ya yi faɗan da shi.

A Indiya kuma manhajar kallo ta Hotstar da Disney ya gada daga Fox ta rasa ikon nuna gasar kurket ta IPL ta intanet a 2022, masu biyan kuɗi suka ragu sosai, ƙarshe a 2024 Disney ya haɗa harkarsa ta can da ta kamfanin Reliance na Indiya, hukumar gogayya ta Indiya ta amince bayan kamfanonin sun yi wasu gyare-gyare.

Mu kuma namu ya zo a 2025, lokacin da Canal+ na Faransa ya kammala karɓe MultiChoice mai DStv da GOtv da SuperSport. A Afirka ta Kudu aka yi zaman tantancewar don can ne gidan kamfanin, kotun gogayya ta ƙasar ta amince da sharuɗɗa, kuma saboda dokar sadarwarsu ta taƙaita ƙuri'ar baƙi a kamfanin da ke riƙe da lasisin watsa shirye-shirye zuwa kashi 20, sai da aka ware lasisin aka ba wani kamfani daban mai rinjayen ƴan ƙasa. In ka bi tambayar nan ta kasuwa-kasuwa zaka ga dalilin da yasa cinikin bai sha wuya sosai ba, Canal+ ƙarfinsa a ƙasashe masu Faransanci yake kamar Nijar da Kamaru da Chadi, DStv kuma a masu Turanci kamar Najeriya da Ghana, ba sosai suke karo a gida ɗaya ba. Amma mai gidan kallon ƙwallo a Maradi da na Katsina yanzu uban gidansu ɗaya ne a sama. Najeriya tana da tata dokar, wadda ta kafa hukumar gogayya da kare masu saye ta FCCPC, aka sa mata hannu a farkon 2019, ta ba hukumar ikon duba haɗewar kamfanoni da kuma bin duk wanda ya yi amfani da rinjayensa a kasuwa ya matse masu saye, kuma wannan iko na biyun baya ƙarewa ranar da aka rufe ciniki, ko bayan shekaru ana iya kai mata koke akan farashi ko sharuɗɗan kunshin tashoshi.