Buruji da Hisabi a Zangon Kumasi

Buruji, daga kalmar Larabci buruj, su ne gidaje 12 da masana taurari na dā suka raba hanyar rana a sama da su: Hamal, Saur, Jauza'u, Saratan, Asad, Sumbula, Mizan, Aƙrab, Ƙaus, Jadyi, Dalwu da Hut. Mutanen Babila suka tsara rabon wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga Girkawa ya shiga littattafan Larabci, musamman ta hannun Abu Ma'ashar al-Balkhi, wanda ya zauna a Bagadaza ya rasu a 886. Sura ta 85 a Alƙur'ani sunanta Buruj, sai dai rantsuwa Allah ya yi da sama ma'abuciyar buruji, ba duba aka koyar ba.

A Kumasi sanin ya zo tare da fataken goro da malamai daga arewa. Turawan Ingila biyu, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, sun tarar da Musulmi a fadar Asantehene Osei Bonsu, sarkin Asante, suna rubuta wa sarki da mayaƙansa layu. Tarin takardun Larabci na Asante, cike da addu'o'i da hatimai, yana ajiye a ɗakin karatun sarauta na Kofanhagen a ƙasar Denmark.

Malamin zaure ba ruwansa da ranar haihuwa. Sunanka zai tambaya, da na mahaifiyarka, domin uwa ba a shakkar ta. Kowane baƙi yana da adadinsa a lissafin abjadi. Ali 110 ne: ain 70, lam 30, ya 10. Maryam 290. An haɗa, 400 ke nan. Sai a yi ta zubar da 12 har 4 ta rage, wato gida na huɗu, Saratan, mai ɗabi'ar ruwa. Gidajen sun kasu kan ɗabi'u huɗu, wuta, ƙasa, iska da ruwa, kuma da su ake auna ko tauraron saurayi ya dace da na budurwa. A ce wuta da ruwa ba sa zama inuwa ɗaya. Nan ne abin yake ciwo, don lissafi kaɗai kan iya raba mutum biyu masu son juna, alhali ba a binciki halin kowa ba.

Matasan unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi kuwa a waya suke ganin nasu burujin, wanda ke bin watan haihuwa na Turawa. Don haka mutum ɗaya kan tashi da buruji biyu, na malam daban, na waya daban. Ga kuma na uku a bakin maƙwabta. Asante na kiran yaro da ranar da aka haife shi, suna kuma jingina wa kowace rana hali: Kwadwo, ɗan Litinin, mai sanyin rai ne a wurinsu. Kofi Annan, haifaffen Kumasi a 1938, ɗan Juma'a ne, da a zango aka haife shi Ɗanjuma za a ce. Hausawa ma suna da Ladi, Talatu, Balarabe da Asabe, amma sunan bai cika ɗaukar hukunci kan hali ba.

Malaman shari'a sun raba sanin taurari biyu. Wanda ake gane alƙibla, lokacin salla da shigowar damina da shi halal ne, kamar yadda manomi ke lura da Kaza da 'Ya'yanta. Wanda ke cewa taurari na juya rabon mutum kuwa, hadisin Abu Dawud ya sa shi cikin sihiri.

Kimiyya ma ba ta gaskata shi ba. Rana yau ba ta cikin gidajen da jadawalin ke faɗa, saboda sandar da duniya ke juyawa a kanta na layi a hankali, abin da ke gusar da matsayin rana a cikin taurari da kusan daraja ɗaya duk shekara 72. A 1948 masanin halayyar ɗan Adam Bertram Forer ya raba wa ɗalibansa a Amurka bayanin hali iri ɗaya, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai. Da aka ce su auna dacewarsa da su, matsakaicin makin da suka bayar ya kai 4.3 cikin 5.