Wai an hana tseren mota a filin ƙasa? Ga abin da doka ta ce

Tunda aka fara yawo da maganar nan a WhatsApp cewa wai 'yan Road Safety za su riƙa kwashe duk motar da aka samu a filin tsere, samari sun ruɗe, wasu har sun mayar da kujerun baya da suka cire don rage wa mota nauyi. Jama'a a kwantar da hankali. Dokar da ta kafa hukumar, ta 2007, maganar hanyar jama'a take yi, ba ta ce kar mutum ya ja burkin hannu ya tada ƙura a killataccen fili da mai shi ya yarda ba. Ta shafi duk mai tuƙi, mota ko babur, kuma lasisi sai ɗan shekara 18.

Amma fa inda mutanenmu ke faɗawa rami shi ne fahimtar mece ce hanya. Da yawa gani suke in dai babu kwalta to ba titi ba ne, sai a samu burji a bayan gari a ce ai nan daji ne. A'a wallahi. A wurin doka duk hanyar da jama'a ke da damar bi hanya ce, ko jar ƙasa ce ko yashi. Burjin da mai amalanke ke bi ya kai taki gona, 'yan makaranta su bi da safe, in ka shigo kwanarsa a karkace bayan mota na wutsil-wutsil ba tsere kake ba, tuƙin ganganci ne, ko da ka iya sitiyari kamar me.

Sai batun tara, nan ma ana cakuɗa abu biyu. Masu cewa ai naira 3,000 ce kawai, wannan ta wuce ƙa'idar gudu ce. Tuƙin ganganci naira 50,000 ne, kuma in magana ta je kotu alƙali na iya ɗaure mutum har shekara 2, ko ya haɗa masa duka. In aka rasa rai, ɗaurin na iya kai wa shekara 7. Shi ma na cikin fili kar ya ɗauka ya sha, in ya buge ɗan kallo ya mutu akwai dokar Penal Code da ke hukunta kisa ta hanyar sakaci, ita ba ruwanta da titi ko fili.

Sannan motar ai ba tashi take ta dira a filin ba, titi za ta bi. Ka rage iskar taya don ta kama yashi, an gama wasa ka hau kwalta da ita haka, ta yi zafi, ga ta dama 'yar Beljiyam ce da ta sha duniya. Tarar suɗaɗɗiyar taya naira 3,000 ce, rashin ɗaura bel 2,000, ka cire lambar mota don kar dutse ya lanƙwasa ta ka manta ba ka mayar ba, nan ma wani laifin ne. Ka tafi da famfo a but, ka mayar wa taya iskarta kafin ka hau kwalta.

Ni dai abin da bai kwanta min ba shi ne 50,000 ɗin nan kai ɗaya ce ga kowa. Direban haya za ta girgiza shi, yaron da babansa ya saya masa motar wasa kuwa ko kuɗin taya biyu ba ta kai ba, kuma galibi shi ne ke juya mota a tsakiyar titi ranar ɗaurin aure.