Aikin hoto na ɗalibai: wankin fim a ɗakin duhu da gyara a kwamfuta

Aikin hoto na ɗalibai jerin hotuna ne da ɗalibi ke ɗauka a kan jigo guda, ya wanke ko ya gyara, ya buga, sannan ya miƙa wa malamai su duba, a makarantar sakandare ko kwalejin zane ko jami'a. Tun daga shekarun 1990 hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce tsohuwar hanyar fim, inda ake wanke hoto da sinadarai a ɗakin duhu. Ta biyu ita ce ta dijital, inda ake gyara hoto da manhajar kwamfuta. Makarantu da yawa na koyar da su tare, kuma dalilin hakan a tarihi yake: kusan duk abin da manhaja ke yi wa hoto a yau, an fara yin sa ne da hannu a ɗakin duhu, har sunayen kayan aikin ma daga can aka aro su.

Asalin dodon hoto

Hoton kyamara mafi tsufa da ya wanzu har yau shi ne wanda Nicéphore Niépce ya ɗauka daga tagar gidansa a Faransa, wajen 1826 ko 1827, kuma sai da farantin ya sha haske na sa'o'i masu yawa kafin siffa ta zauna. A 1839 aka bayyana hanyar Louis Daguerre a Paris. Hotonta yana fita tangaran a kan farantin jan ƙarfe mai rufin azurfa, amma guda ɗaya tilo ne, ba a iya fitar da kwafinsa.

Hanyar da ɗalibai suka gada ta fito ne daga Ingila. William Henry Fox Talbot ya yi rajistar dabararsa a 1841. Ana fara samun dodon hoto a takarda, inda fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, sannan a ɗora dodon a kan wata takardar a haska, a sami hoto na sosai, sau nawa ake so. Abokinsa John Herschel, wanda tun 1819 ya gano cewa wani gishiri da ake kira haifo yana narkar da gishirin azurfa, wato sinadarin da haske ke baƙantawa a takardar, shi ya nuna wa Talbot yadda za a kafe hoto kada haske ya ci gaba da baƙanta shi.

A 1851 Frederick Scott Archer ya kawo farantin gilashi jiƙaƙƙe, wanda dole a shafa masa sinadari, a ɗauka, a wanke kafin ya bushe. Wannan ya sa masu hoto na lokacin suke yawo da tantin duhu duk inda za su. Richard Leach Maddox ya sauƙaƙa lamarin a 1871 da busasshen faranti mai jelatin. George Eastman ya fitar da kyamarar Kodak mai naɗin fim a 1888, mai cin hoto 100. Kyamarar Leica ta Oskar Barnack, da ta shiga kasuwa a 1925, ita ta yaɗa fim mai faɗin milimita 35, wanda kowane hoto a jikinsa yake da girman milimita 24 da 36. Shi ne fim ɗin da yawancin ɗalibai ke farawa da shi har yanzu.

Shigar hoto cikin aji

Da farko a wurin mai sana'a ake koyon hoto, yaro ya zauna da ubangidansa. Cikin makarantun farko akwai wadda aka buɗe a Vienna a 1888 ƙarƙashin Josef Maria Eder, wadda ta fi mayar da hankali ga sinadarai da ɗab'i. A New York, Clarence H. White ya kafa makarantarsa a 1914, yana ba ɗalibai matsalar tsara hoto su je su warware, su dawo a tattauna a aji. Wannan tsari na ba da aiki a dawo a duba tare shi ya zama ƙashin bayan koyarwar.

A Jamus, makarantar Bauhaus ta buɗe sashen hoto a 1929 a hannun Walter Peterhans. László Moholy-Nagy, wanda ya koyar a can kafin lokacin, ya kafa sabuwar Bauhaus a Chicago a 1937. Ya shahara da hoton da ba a buƙatar kyamara: a jera abubuwa kai tsaye a kan takardar hoto, a kunna fitila na ɗan lokaci, a wanke, inuwarsu ta fito fara a kan baƙi. Har yau da wannan darasi malamai da dama ke buɗe zangon karatu, domin ɗalibi ya gani da idonsa cewa hoto ba komai ba ne illa sawun haske.

Wajen 1939 zuwa 1940, Ansel Adams da Fred Archer suka tsara ma'aunin shiyyoyi saboda ɗalibansu a Los Angeles. Sun raba haske daga baƙi ƙirin zuwa fari fat zuwa matakai 11, don mai ɗauka ya yanke shawarar inda kowane sashe zai faɗa tun kafin ya danna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Adams ya kafa sashen hoto a makarantar zane ta Kalifoniya da ke San Francisco. A birnin Düsseldorf na Jamus kuwa, ajin Bernd Becher, wanda ya fara a 1976, ya yaye mashahuran masu hoto irin su Andreas Gursky da Thomas Struth da Thomas Ruff da Candida Höfer. A shekarar ce kuma aka fitar da Pentax K1000, kyamara mara ƙyale-ƙyale wadda ɗalibi zai saita komai nata da kansa. An ci gaba da ƙera ta har 1997, kuma ta zama kyamarar aji a ƙasashe da yawa.

Aiki a ɗakin duhu

Aikin yana da zango biyu: wanke fim, sannan buga hoto a takarda.

Fim yana jin kowane launin haske, saboda haka cikin duhu na gaske ake zare shi daga kwanso, a naɗa a kan ƙaramin gare, a saka cikin tanki a rufe. Da yatsu kaɗai ake yi, ido ba ya taimakawa, shi ya sa malamai kan ba ɗalibi lalataccen fim ya yi ta gwadawa da rana, ido a buɗe sannan a rufe. Idan fim ya karkace ya manne da kansa, ruwa ba zai shiga wurin ba, kuma hotunan da ke nan sun tafi ke nan. Da an rufe tanki sai a kunna fitila. A zuba ruwan fito da hoto, yawanci a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, a riƙa juya tankin lokaci-lokaci na mintunan da kamfanin ya ƙayyade. Wannan ruwa yana mayar da ƙwayoyin gishirin azurfa da haske ya taɓa su zama baƙar azurfa. Sai ruwan tsayarwa mai ɗan tsami, sai ruwan kafewa da ke kwashe gishirin da haske bai taɓa ba, sai ɗauraya da shanya. Wasu daga cikin ruwayen tsofaffi ne ƙwarai: Rodinal tun 1891 ake sayar da shi, D-76 na Kodak kuma tun shekarun 1920.

Takardar hoton baƙi da fari ba ta jin jan haske, don haka a ƙarƙashin jar fitila ko ruwan lemo ake bugu. Ɗalibi yakan fara da jera dukkan yankan fim ɗinsa a kan takarda ɗaya, ya danne da gilashi ya haska, ya sami ƙananan hotuna 24 ko 36 a shafi guda. A kan wannan shafi ake zaɓe, a zagaye wanda ya yi da jan fensir. Malamai kan nemi ganinsa fiye da hoton ƙarshe, domin a nan ake ganin yadda ɗalibi ya zagaya abin da yake ɗauka, inda ya matsa kusa da inda ya yi gaggawa.

Dodon da aka zaɓa sai a sa shi a na'urar faɗaɗa hoto, mai fitila a sama da gilashi a ƙasa, ta jefa siffar a kan allo. Kafin a ɓata takarda cikakkiya ana yanka siririn ƙyalle a gwada: a rufe shi da kwali, a riƙa janye kwalin kaɗan-kaɗan, wani sashe ya sha daƙiƙa 2, wani 4, wani 8, wani 16. Takardar sai ta bi tire uku: na fito da hoto, na tsayarwa da na kafewa. A na farko, bayan 'yan daƙiƙoƙi, wuraren da suka fi duhu kan fara tasowa a kan farar takardar da ke lilo cikin ruwa, gira da gashi kafin fuska, kuma wannan ne lokacin da akasarin waɗanda suka yi aikin ba sa mantawa. Ana ɗaga ta da hantsaki, kowane tire da nasa, domin ɗigon ruwan kafewa a tiren farko yana lalata shi. Takarda mai rufin roba tana ɗauraye cikin 'yan mintuna. Mai zaren auduga ko ɓawon itace kan kai wajen awa guda, amma ita aka fi so don baje koli.

Ƙarfin bambancin baƙi da fari ana daidaita shi da matatun haske masu lamba daga 00 zuwa 5, a kan takardar da kamfanin Ilford ya fara fitar da irinta a 1940. Sai dabaru biyu da suka fi komai nuna hannun mai aiki. Idan wani sashe zai yi duhu da yawa, sai a kare shi da ɗan kwali a bakin waya, ana kaɗawa don kada gefen ya fito. Idan wani sashe, kamar sararin sama, ya yi fari fes, sai a ƙara masa haske ta ƙofar da aka yi da tafin hannu biyu, abin da ake kira ƙonawa. Ba a iya maimaita motsin hannu daidai, saboda haka kwafi biyu ba sa zama ɗaya.

Hoto mai kala ba kasafai ake koyar da shi a wannan mataki ba. Wankinsa na buƙatar zafin kusan digiri 38 ba ragi ba ƙari, kuma takardarsa ba ta jure jar fitila.

Gyara a kwamfuta

Steven Sasson, injiniya a Kodak, ya harhaɗa kyamarar dijital a 1975. Fiksel 10,000, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, kacal take ɗauka, kuma tana cin daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto a kaset. Biyu daga cikin manhajojin gyara da suka fi yaɗuwa daga hannun ɗalibai suka fito. Thomas Knoll yana karatun digirin digirgir a Jami'ar Michigan ya fara rubuta abin da ya zama Photoshop a 1987, tare da ɗan'uwansa John, kuma kamfanin Adobe ya fitar da shi a 1990. GIMP, wadda kyauta ce, Spencer Kimball da Peter Mattis ne suka fara ta a 1995 suna ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley.

Ɗalibi yakan ɗauka a ɗanyen fayil, wato wanda kyamara ba ta sarrafa ba, wanda ke riƙe matakan haske 4,096 ko 16,384 a kowane launi, maimakon 256 na fayil ɗin hoto na yau da kullum da ake kira JPEG. Daga nan ya daidaita haske da launi, ya yanke gefe, ya yi aiki a kan shimfiɗu da ake jerawa bisa juna ba tare da taɓa asalin hoton ba. Alamar karewa a Photoshop zanen ɗan kwalin nan ne a bakin waya, ta ƙonawa kuma hannu ne a dunƙule da ƙofa. Manhajar Lightroom ta 2007 da darktable su ma da kalmomin ɗakin wanki suka sa wa sassansu suna. Babban bambancin shi ne komawa baya: a kwamfuta kuskure ba ya cin takarda, ɗalibi zai gwada sau ɗari. Wasu malamai na ganin wannan 'yanci ne, wasu na ganin yana hana ɗalibi koyon yanke shawara.

Haɗa hanyoyin biyu

Da yawa sukan ɗauka a fim, su wanke, su kwafe dodon da sikana, su ƙarasa a kwamfuta. Ana kuma yin akasin haka: a juya hoton dijital ya zama dodo, a buga shi a leda mai shara-shara, a ɗora a kan takarda mai sinadarin ƙarfe a shanya a rana, a ɗauraye da ruwa, ya fito shuɗi. Herschel ne ya ƙirƙiro wannan shuɗin bugu a 1842, Anna Atkins kuma ta yi amfani da shi daga 1843 wajen ɗaukar siffar ciyayin teku. Ba ya buƙatar ɗakin duhu.

Ana gabatar da aikin ƙarshe tare da littafin gwaje-gwaje da gajeren bayani, a liƙa hotunan a bango, aji ya tattauna.

Iyakar gyara

Haɗa hotuna ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1857 Oscar Rejlander ya haɗa dodo sama da 30 a hoto ɗaya. A fannin zane ana karɓar wannan. A aikin jarida ba a yarda a ƙara ko a cire wani abu ba: mujallar National Geographic ta sha suka a 1982 bayan ta matso da dala biyu na Giza da ke Masar kusa da juna don su shiga bangonta, kuma a gasar World Press Photo ta 2015 an kori kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyara. Shi ya sa sassan koyon jarida kan nemi ɗalibi ya ajiye ɗanyen fayil ko dodon hotonsa.

Halin da ake ciki

Ilford ya durƙushe a 2004, manajojinsa suka saye shi a 2005. Kodak ya daina yin fim ɗin Kodachrome a 2009, ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2012. A tsakanin waɗannan shekaru makarantu da dama sun mayar da ɗakunan duhunsu ɗakunan kwamfuta, wasu kuma sun riƙe nasu. Kamfanonin biyu suna yin fim har yanzu.

Ɗakin duhu na buƙatar iska mai shiga da fita da safar hannu, domin wasu sinadaran na sa ƙaiƙayin fata. Ruwan kafewa da aka gama da shi yana ɗauke da azurfa, ba a zubar da shi a magudana, tarawa ake yi a kai inda za a tace.