Waiwaye: Yadda sunan Fugger ya tashi daga gidan masaƙi ya kai fadar sarakuna

A shekarar 1367 wani magatakarda a birnin Augsburg, kudancin ƙasar Jamus ta yanzu, ya rubuta kalmomi biyu na Latin a littafin haraji: "Fucker advenit", wato Fugger ya iso. Baƙon da aka rubuta sunansa Hans Fugger, masaƙi ne daga ƙauyen Graben da ke kudu da birnin. Daga wannan layi ɗaya ake fara lissafin tarihin gidan da daga baya ya riƙa bai wa sarakunan Turai bashi. A lokacin ana rubuta sunan da "ck", sai a hankali rubutun ya zauna a kan Fugger.

Zamanin da Hans ya shigo birni shi ne zamanin da sunan gida yake kafuwa a ƙasashen Jamusawa. Kafin ƙarni na 12 mutum suna ɗaya gare shi. Da birane suka cika, Hans-Hans suka yi yawa, masu karɓar haraji da masu rubuta gado suka buƙaci abin da za su bambanta wannan da wancan. Sai aka riƙa liƙa wa mutum sana'arsa, ko garinsu, ko sunan ubansa, ko wata kama ta jikinsa, kamar yadda mu ma muke cewa Audu Maƙeri ko Musa Dogo. Bambancin shi ne a can laƙabin ya zama gado, ɗa ya ɗauka ko da bai taɓa yin sana'ar ba. Daga nan ne aka samu Müller mai niƙa, wanda har yau shi ne sunan da ya fi yawa a Jamus, da Schmidt maƙeri, da Weber masaƙi. Hans masaƙi ne amma ba a ce masa Weber ba. Da sunansa ya zo daga ƙauye, kuma suna ne da ba kowa ke da shi ba, abin da ya sa bin sawun zuriyarsa a takardu ya zo da sauƙi.

Yadin da ake yayi a Augsburg a lokacin haɗin zaren kittani ne da auduga. Kittani ana nomansa a yankin, auduga kuwa daga gabashin Bahar Rum take zuwa ta hanyar birnin Venice. Duk wanda ya iya sayo audugar ya raba wa masaƙa, sannan ya karɓi yadin ya kai kasuwa, ya fi wanda ke zaune yana saƙa samu nesa ba kusa ba. Hans ya gane haka, ya koma fatauci. Ya kuma yi dacen aure, domin matarsa ta biyu, Elisabeth Gfattermann, 'yar shugaban ƙungiyar masaƙa ce.

A nan akwai abin da masu ba da labarin gidan kan yi saurin wucewa, ni kuwa ina ganin shi ne ƙashin bayan al'amarin. Hans ya rasu wajen 1408, Elisabeth ta riƙe kasuwancin kusan shekara talatin, ta hana dukiyar tarwatsewa, ta ƙara mata yawa har ta rasu a 1436. Ɗanta Jakob Babba ya auri Barbara Bäsinger, 'yar mai kula da gidan buga kuɗin birnin. Shi ma da ya rasu a 1469, Barbara ce ta ci gaba da juya dukiyar tare da 'ya'yanta har zuwa 1497. Mata biyu ne, waɗanda ba a haife su da sunan Fugger ba, suka raine shi tsawon shekaru fiye da hamsin. Abin takaici, da 'ya'yan Barbara suka tsara dokokin kamfaninsu, sai suka keɓe ragamarsa ga 'ya'ya maza kaɗai.

'Ya'yan Hans biyu, Andreas da Jakob Babba, sun raba gari a tsakiyar ƙarni na 15, sunan ya rabu gida biyu. Zuriyar Andreas ce ta fara haskawa. A 1462 sarki Friedrich na Uku, mai mulkin daular da ta haɗa ƙasashen Jamusawa, ya ba su tambari mai hoton barewa, aka riƙa ce musu Fugger na Barewa. Amma ɗan Andreas, Lukas, ya ba da bashi mai yawa ga Maximilian, ɗan sarki Friedrich na gidan sarautar Habsburg, birnin Leuven ya tsaya masa, ranar biya ta zo ba a biya ba. Kafin ƙarnin ya ƙare Lukas ya karye. Ɗaya gidan kuma ya samu nasa tambarin mai furanni biyu a 1473, bayan Ulrich Fugger, ɗan Jakob Babba, ya yi wa sarki Friedrich da tawagarsa sutura a kan bashi lokacin da za su tafi birnin Trier neman aure wa Maximilian. Su ne Fugger na Fure, kuma su duniya ta sani.

Wanda ya kai sunan ƙololuwa shi ne ƙanen Ulrich, Jakob, da aka haifa a 1459, wanda ake wa laƙabi da Mai Arziki. A Venice ya koyi kasuwanci da tsarin rubuta shiga da fita. Dabararsa ba ɓoyayya ba ce: ya ba sarki kuɗi a hannu, ya karɓi ma'adinai a madadin biya. A 1488 ya ranta wa Sigismund mai mulkin yankin Tirol gulden (kuɗin zinariya na lokacin) 150,000, azurfar ma'adinan Schwaz ta koma hannunsa. Daga 1494 ya haɗa gwiwa da Jan Thurzo suka kama jan ƙarfen Neusohl, garin da yanzu ake kira Banská Bystrica a ƙasar Slovakiya. Cikin 'yan shekaru kaso mai tsoka na jan ƙarfen Turai sai ta hannunsa yake bi.

Da Maximilian, wanda ya gaji mahaifinsa a sarautar daular, ya rasu a 1519, masu zaɓen sarki bakwai ne za su naɗa magajinsa. Jikansa Karl, sarkin Sifaniya, da Francis na Faransa suka shiga takara, kuma kowa ya san ƙuri'un na sayarwa ne. An kashe gulden wajen 850,000 don Karl ya samu, fiye da 540,000 daga ciki daga asusun Fugger suka fito. Da biyan bashin ya yi jinkiri, Jakob ya aika wa sarkin wasiƙa a 1523 yana tuna masa cewa ba don shi ba da bai hau gadon ba. Jikan masaƙin ƙauye ke nan yake magana da mai mulkin da ya fi kowa ƙarfi a Turai.

Ba daidai ba ne a yi ta yabon wannan dukiya ba tare da an faɗi inda ta bi ba. Cocin Katolika ta haramta kuɗin ruwa a wancan zamani, Jakob ya ɗauki nauyin malamin addini Johannes Eck ya je Bologna a 1515 ya kare halaccin ribar kashi 5 cikin 100. Albrecht na Brandenburg ya ci bashin Fugger don ya biya kuɗin kujerar babban limamin Mainz, kuma da cinikin takardun yafe zunubi aka shirya biyan bashin. Wannan cinikin ne ya harzuƙa malamin coci Bajamushe Martin Luther a 1517, rikicin da ya raba Kiristocin Turai gida biyu. Luther kansa ya ambaci Fugger da suna yana sukarsu.

Ƙarfen nasu ya iso Afirka ma. A 2008 masu haƙar lu'ulu'u a gaɓar tekun Namibiya, kusa da Oranjemund, suka tono ɓaraguzan jirgin ruwan Fotugal da ya nutse a 1533 a hanyarsa ta zuwa Indiya. A cikinsa akwai tan-tan na curin jan ƙarfe ɗauke da hatimin kamfanin Fugger mai kama da mashi mai baki uku, ga kuma haurun giwa. A 1548 kamfanin ya ƙulla kwangila da masarautar Fotugal ta kawo mundayen tagulla masu ɗimbin yawa don cinikin gaɓar Afirka ta Yamma. Da irin waɗannan mundaye Turawan Fotugal suke sayen zinariya da hauren giwa, da su kuma suke sayen bayi. Duk mai karanta tarihin gidan daga wannan nahiya tamu bai kamata ya tsallake wannan shafi ba.

Jakob ya rasu a ƙarshen 1525 bai bar ɗa a gidan aurensa da Sibylla Artzt ba. Saboda haka duk wani Fugger na Fure da ke raye yau ba daga tsatsonsa ya fito ba, daga wansa Georg ne, ta hanyar 'ya'yansa Raymund da Anton. Anton ne ya gaji kamfanin, a hannunsa jarin ya kai gulden miliyan 5 a 1546. Shi ne kuma ya ga farkon faɗuwa, domin masarautar Sifaniya, babbar mai cin bashinsu, ta dakatar da biya a 1557, ta sake a 1575, ta kuma a 1607. Yaƙin Shekara Talatin da ya ɗaiɗaita ƙasashen Jamusawa ya ƙarasa abin da ya rage, kamfanin ya watse a tsakiyar ƙarni na 17.

Abin da ya hana su bin sawun 'yan'uwansu na Barewa shi ne tun da wuri sun riƙa mayar da kuɗi ƙasa. Jakob ya sayi Kirchberg da Weissenhorn a 1507, aka ba shi sarauta a 1514, Anton ya sayi Babenhausen a 1538. Jikoki suka bar kasuwa suka zama masu gari, suka yi ta auratayya da tsofaffin gidajen sarauta, har a 1803 shugaban reshen Babenhausen ya samu muƙamin yarima a daular. Yau rassa uku suka rage: Babenhausen, Glött, da Kirchberg.

Wurin da sunan ya fi rayuwa kuwa shi ne unguwar Fuggerei a cikin Augsburg. Jakob ya fara gina ta a 1516 don talakawan birnin masu neman na kansu da talauci ya kayar, ya sa hannu a takardar wakafinta a 1521. Sharaɗinsa shi ne mai haya ya zama ɗan Augsburg, ɗan Katolika, mabukaci, ya biya gulden ɗaya a shekara, ya kuma yi wa mai wakafin da iyalinsa addu'a uku kullum. Mutumin da ake zargi da cin kuɗin ruwa ya damu da makomar ransa, bai kuma ɓoye hakan ba. Kakan mahaifin mawaƙin nan Mozart, wani magini mai suna Franz, ya zauna a unguwar daga 1681. Bama-baman watan Fabrairu na 1944 sun rushe yawancinta, iyalin suka sake ginawa.

Yanzu akwai gidaje 67 masu sassa kusan 140, mutum wajen 150 ke ciki. Kuɗin haya bai canza ba, an dai mayar da gulden ɗin zuwa kuɗin zamani, santi 88 na yuro a shekara, ban da kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki. Ana rufe ƙofofin unguwar da ƙarfe 10 na dare, wanda ya makara ya ba mai gadi ɗan wani abu ya buɗe masa. Kuɗin gyara da kula da gidajen yana fitowa ne daga dazuzzukan katako na wakafin da kuma abin da masu yawon buɗe ido ke biya a ƙofa, sannan majalisar dattawan rassan nan uku ce ke sa ido a kan gudanar da shi.