Dutsen Monte Capanne

Monte Capanne shi ne dutse mafi tsayi a tsibirin Elba na ƙasar Italiya, cikin Bahar Rum. Tsayinsa mita 1,019 ne daga saman teku, kuma shi ya mamaye yammacin tsibirin gaba ɗaya. Yana cikin gandun ƙasa na tsibiran Toskana, wanda aka kafa a 1996.

Jikinsa na granit ne, wato wani irin dutse mai tauri. Narkakken dutse ne ya taso daga ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 7 da suka shige, ya huce a hankali ba tare da ya ɓullo waje ba, daga baya zaizaya ta yaye abin da ya lulluɓe shi. Shi ya sa mai hawa kan ga manyan fararen ƙwayoyi a jikin falalen da yake takawa, wasu sun kai tsawon yatsa. Tun zamanin Rumawa ake sassaƙa ginshiƙai daga wannan dutse, musamman wajen ƙauyen Seccheto.

Mafi yawan masu hawa daga garin Marciana suke tashi, wasu kuma daga ƙauyen Poggio. Hanyar tana farawa cikin inuwar itatuwan kastanya, ta wuce ta gefen tsohuwar majami'ar San Cerbone, sannan itatuwa su ƙare, sai tulin duwatsu da rana tsirara. Nan ne wahalar take. Ba a buƙatar igiya, amma ana buƙatar takalmi mai kama ƙasa da isasshen ruwa, kuma idan an yi ruwan sama falalen na yin santsi. Hawan kan ɗauki awa biyu da rabi zuwa uku. Akan yi kiciɓis da tumakin daji, waɗanda kawo su tsibirin aka yi.

Wanda bai son wahala yana iya shiga ɗan kejin ƙarfe mai launin rawaya da ke rataye a jikin waya, mutum biyu a tsaye, daga Marciana zuwa dab da ƙololuwa.

Ƙololuwar kanta ba ta da wani kyau, don turakun sadarwa sun cika ta. Abin da ake zuwa dominsa shi ne hangen nesa: ranar da gari ya washe ana ganin tsibiran Pianosa, Montecristo da Capraia, da tsaunukan tsibirin Kosika na Faransa.