Gidan Tarihi na Louvre

Louvre gidan tarihi ne da ke birnin Faris na ƙasar Faransa, a gefen kogin Seine, kuma babu gidan adana zane-zane da ya kai shi yawan baƙi a duniya. A shekarar 2018 mutum miliyan 10.2 ne suka shige shi, a 2023 kuma kusan miliyan 8.9. Akasarinsu 'yan yawon buɗe ido ne daga ƙasashen waje.

Asalinsa ganuwa ce. Sarki Philippe Auguste ya gina ta wajen 1190 don tsare birnin, kuma har yau mai ziyara zai iya sauka ƙarƙashin ginin ya zagaya tushen tsohuwar katangar. Daga baya sarakuna suka mai da wurin fada, har zuwa 1682 da Sarki Louis na 14 ya kwashe fadarsa zuwa Versailles. Juyin juya halin Faransa ne ya buɗe wa talakawa ƙofarsa, ranar 10 ga Agustan 1793, da zane 537. Dalar gilashin da ke tsakar gidan, wadda ta zama babbar mashiga, aikin mai tsara gine-gine I. M. Pei ce. An kammala ta a 1989, bayan surutu mai yawa daga waɗanda suka ce ba ta dace da tsohuwar fada ba. Yanzu kuwa da ita ake gane gidan.

Ginin ya kasu sassa uku, Denon da Sully da Richelieu, kuma abubuwan da aka baje a cikinsa sun kai kimanin 35,000. Ko da daƙiƙa talatin mutum ya ba kowanne, sai ya share fiye da kwana goma sha biyu a tsaye, ba barci ba hutu. Shi ya sa wanda ya san gidan yake zaɓar sashe ɗaya ko biyu ya bar sauran. Ba a buɗewa ranar Talata, kuma mahukuntan gidan sun ƙayyade baƙi zuwa 30,000 a rana, don haka galibi ana yankar tikiti mai ƙayyadadden lokaci ta intanet tun kafin a zo.

Yawancin baƙi, da shigarsu, sashen Denon suke nufa, wajen Mona Lisa. Leonardo da Vinci ya fara zana ta a farkon ƙarni na 16 a kan allon katako, kuma abin da ke ba mutane mamaki shi ne ƙanƙantarta: tsawonta santimita 77, faɗinta 53. Tana bayan gilashi mai kauri, an gitta shinge a gabanta, jama'a sun yi dafifi, kowa ya ɗaga waya sama da kan na gabansa. Kafin mutum ya ƙare mata kallo, ma'aikata sun ce a matsa. Sunanta ya ƙara bazuwa ne bayan da Vincenzo Peruggia, wani ɗan Italiya da ya taɓa aiki a gidan, ya sace ta a watan Agustan 1911. Sai a 1913 aka same ta a birnin Florence.

Abin takaicin shi ne masu layin duk sun juya wa zane mafi girma a gidan baya. A bangon da ke fuskantar Mona Lisa akwai zanen bikin aure na garin Kana, aikin Paolo Veronese, mai faɗin kusan mita 10, cike da mutane fiye da ɗari, da makaɗa da karnuka. Sojojin Napoleon ne suka ɗauko shi daga Venice a 1797, kuma bai koma ba. Ba shi kaɗai ke da irin wannan tarihi ba. Yadda kayayyaki da dama suka iso gidajen tarihin Turai magana ce da har yanzu ake ja-in-ja a kanta.

Akwai kuma mutum-mutumi biyu na tsohuwar Girka da ake rububin gani: Venus de Milo marar hannuwa, da aka tono a tsibirin Milos a 1820, da Nike ta Samothrace, mai fukafukai ba kai, wadda ke tsaye a saman babbar matattakalar gidan mai suna Daru. Wanda ya haƙura da cunkoso ya karkata zuwa Richelieu zai tarar da dutsen dokokin Hammurabi, sarkin Babila, baƙin dutse mai tsawon mita 2.25 da aka gano a Susa ta Iran a 1901, sau da yawa ba kowa a gabansa sai mutum biyu ko uku. Sashen fasahar Musulunci, da aka buɗe sabon mazauninsa a 2012 ƙarƙashin wani rufi mai kama da mayafi, yana ɗauke da dardumai da tangaran da kwanukan tagulla tun daga Andalus har Indiya.

Gidan yana da reshe a garin Lens na arewacin Faransa tun 2012, sannan akwai Louvre Abu Dhabi da aka buɗe a 2017 bisa yarjejeniya tsakanin Faransa da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.