Sayen tikitin jirgin ƙasa kafin tafiya Turai: inda doka ta kare ka da inda ta bar ka

Duk wanda ya shirya tafiya Jamus ko Faransa ya leƙa farashin jirgin ƙasa a intanet, zai lura cewa tikitin da aka saya makonni kafin ranar tafiya ya fi araha nesa ba kusa ba. Sai dai kafin mutum ya biya, yana da kyau ya san abin da dokar Tarayyar Turai ta tanada masa, domin arahar nan tana tafe da sharuɗɗa.

Dokar da ake magana a kanta ita ce mai lamba 2021/782, wadda ta fara aiki ranar 7 ga Yuni, 2023. Ta tanadi cewa idan jirgi ya kai fasinja inda za shi da jinkirin minti 60 zuwa 119, kamfani zai biya shi diyyar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, idan kuwa jinkirin ya kai minti 120, diyyar ta zama rabin kuɗin. Ana lissafin ne da abin da mutum ya biya, don haka mai tikitin Yuro 20 da jirginsa ya makara da awa ɗaya Yuro 5 zai karɓa, kuma kamfani yana iya ƙin biyan abin da bai kai Yuro 4 ba. Haka nan, da zarar ta bayyana cewa jinkirin zai kai awa ɗaya, fasinja yana da zaɓi: ko ya fasa tafiyar a mayar masa da kuɗinsa, ko a ɗora shi a wani jirgin ba tare da ƙarin ko sisi ba. Idan an yi minti 100 daga lokacin da ya kamata jirgin ya tashi ba a nuna masa wata hanya ba, yana iya neman wani jirgin ƙasa ko bas da kansa, kamfanin ya biya. Kamfani yana kuɓuta daga diyya idan ambaliya ce ko mummunan yanayi ko satar wayoyin layin dogo suka jawo jinkirin, amma yajin aikin ma'aikatansa ba uzuri ba ne.

Duk wannan kariya daga laifin kamfani ce. Dokar ba ta ce komai ba game da makarar fasinja, kuma a nan ne baƙo ya fi asara. A ce jirgin sama ya sauke mutum a Frankfurt da jinkirin awa biyu, ya bi dogon layin jami'an shige da fice, ya jira akwatinsa, ya gangara tasha yana haki ya tarar jirgin Berlin ya daɗe da tafiya. Idan tikitinsa irin mai rahusar nan ne da kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, Deutsche Bahn, ke kira Sparpreis ko Super Sparpreis, to an ɗaure shi ne da wannan jirgi kaɗai, kuma makarar jirgin sama ba ta shafi kamfanin ba. Sai ya sayi sabo da farashin ranar. Ɗaurin yana kwancewa ne idan jirgin ƙasan da kansa zai kai shi a makare da minti 20 ko fiye. Tikitin Flexpreis ya fi tsada, amma mai shi yana iya shiga jirgi na gaba. Kada kuma a dogara da haƙƙin fasa ciniki cikin kwana 14 da masu sayayya ta intanet ke da shi a Turai, domin bai haɗa da tikitin sufurin fasinja ba.

Wani wurin da ake zamewa shi ne tafiya mai canjin jirgi, misali daga Paris zuwa Munich ta Stuttgart. Wanda ya sayi tafiyar gaba ɗaya a ciniki guda daga kamfanin jirgin, doka tana ɗaukar abin da ke hannunsa a matsayin tikiti ɗaya, sai fa idan an sanar da shi a fili kafin ya biya cewa yarjejeniyoyi ne daban-daban. Idan na farko ya makara ya sa ya rasa na biyu, nauyin kai shi Munich yana wuyan kamfani. Wanda ya tsinci tikiti biyu daban don ya rage 'yan Yuro kuwa, kowanne zaman kansa yake yi.

A ganina, ranar da mutum zai sauka daga jirgin sama ba ranar tikiti mai ɗauri ba ce, sai dai idan ya bar tazarar awoyi masu yawa. Tafiye-tafiyen da za su biyo baya, waɗanda lokacinsu ke hannunsa, su ne suka cancanci a saya da wuri, musamman jiragen TGV na Faransa, waɗanda ba a shiga sai da kujerar da aka keɓe, kuma idan sun cika sun cika. Ƙananan jiragen yanki galibi farashinsu ba ya canzawa, don haka sayensu a tasha ya wadatar, sai dai a Italiya mai tikitin takarda ya tuna ya buga masa hatimi a na'urar tasha kafin ya hau, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci shi tara.